Rigar Ɗan Benci

Jama'a, kafin komai bari in ba baiwar Allahn nan amsa, wadda ta rubuto min wai ni 'yar gata ce, ina soyayya da ɗan ƙwallo amma kullum bakina bai rabo da ƙorafi. 'Yar uwa, na gode, Allah ya ba ki irin gatan. Amma jawo kujera ki ji abin da ya same ni cikin kwana takwas ɗin nan, in kin gama sai ki nuna min inda daɗin yake.

Waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Renata Dudek, Reni ake kirana a gida. Shekarata ashirin da takwas, ina aiki a asibitin haƙori, ni ce mai kankare wa mutane haƙora kafin likita ya shigo. Wanda nake so kuma Harlan Mabry ne, mutumin Arkansas, ɗan ƙwallonmu ta Amurka, ta hular kwano da ture-ture. Shi ne mai jifa na biyu a ƙungiyar garinmu. Na biyu fa na ce. Mai jifa ɗaya ne ke shiga fili, shi ke ba da umarni, shi ke jefa ƙwallo, kuma namu sunansa Voss, wanda hotonsa ke jikin motocin haya. In dai Voss bai karye ba, Harlan yana gefe da hular hana-salla da abin sauraro a kunne, yana gyaɗa kai. Shekara bakwai yana wannan sana'a, gari biyar, kuma sau goma sha ɗaya kacal ya taɓa jefa ƙwallo a wasa na gaske. Ba ni na ƙirga ba, Babana ne.

Kada ku ɗauka zaman banza yake yi. Daga Laraba zuwa Juma'a, a wajen atisaye, aikinsa ya zama wani mutum: duk mai jifan da za a kara da shi ranar Lahadi, Harlan zai kwaikwayi tsayuwarsa da jifansa don 'yan bayanmu su saba da shi. Dabarun ƙungiya kuwa, da alamomin hannun da ake yi a fili don canza dabara, ya haddace su fiye da shi Voss ɗin. Sai ranar Lahadi ta zo ya sa hula ya tsaya.

Shi kuma Babana, Kazimir Dudek, shekara talatin da biyar ya yi yana gyaran bas-bas ɗin gari, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa barin wasan ƙungiyarmu ya wuce shi ba. Ɗakin ƙasa na gidanmu ya mayar da shi wurin kallo: tutoci a bango, tsohuwar kujerarsa mai faci da ba wanda ya isa ya zauna a kai, da firjin giyarsa. Akwai ƙungiyar da ke garin da ke kudu da mu, tafiyar awa uku a mota, wadda ba a faɗin sunanta a gidanmu. "Waɗancan" ake ce musu. Ina 'yar shekara tara na taɓa kuskuren faɗa, ranar a tsakar gida na wuni ina share ganye.

Shekara ɗaya da rabi Baba yana kiran Harlan "ɗan benci", a gabansa ma. Shi kuwa bawan Allah sai ya ce, "Haka ne, Yallaɓai," ya ci gaba da cin abincinsa. Amma tun watan jiya na ga kamar abin ya fara sauƙi. Wata Talata, da yake ita ce ranar hutun 'yan wasa, na sauko ɗakin ƙasa na tarar da su biyu suna kallon tsohon wasa, Baba ya tsayar da hoton yana nuni da yatsa.

"Samari, na gano ku. Duk sanda Voss ya bubbuga cinyarsa ta hagu sau biyu, gajeren jifa zai yi ta hannun dama. Ƙarya nake?"

Harlan bai ce i ba, bai ce a'a ba. Murmushi kawai ya yi, irin nasa na gefen baki. Baba ya wuni yana washe baki kamar an ba shi kujerar koci.

Bayan nan ne Harlan ya roƙi Baba ya ba shi lokaci, ranar Talata ta ƙarshen watan Oktoba, yana da magana. Kowa ya san maganar. Mama ta fito da zoben kakata ta kai an goge shi. Ni kuwa na sayo wata doguwar riga ruwan zuma mai dogon hannu, na rataye ta a bayan ƙofa ina gaishe ta safe da yamma. Abin da nake nema a duniya bai wuce guda ɗaya ba, Baba ya ɗauki zoben nan da hannunsa ya miƙa wa Harlan.

Saura mako ɗaya cif, ranar Talata da hantsi, ina cikin bakin wani tsoho wayata ta yi ƙara a aljihu. Da na samu sarari na duba, saƙon Harlan ne.

"Sun kira ni. Sun ce in zo da allona."

Duk wadda ta taɓa son ɗan ƙwallo ta san wannan magana. Allon nan shi ne kwamfutar hannu da dabarun ƙungiya ke ciki, kuma ba a ce maka ka kawo shi sai in za a karɓe, wato an kore ka ke nan. An ji wa wasu 'yan wasa biyu rauni, ana neman gurbin da za a sa sababbi, sai aka duba aka ga ai ga Harlan nan yana tsaye.

Da na tashi aiki na wuce gidansa. Gida na ce? Ɗaki biyu ne na haya, kujerun ma na haya ne, tukunya ɗaya, faranti biyu, na biyun ni na kawo. Kwalaye takwas jere a jikin bango, tun da ya zo garin nan bai buɗe biyar daga ciki ba. Na same shi zaune a kan ɗaya, wayarsa a kan gwiwa. Na rungume shi, na ce ba komai, ai maganarmu tana nan, Baba ma zai fi tausaya masa yanzu. Wallahi har wani ɗan daɗi na ji a ƙasan raina, Allah ya yafe min.

Daɗin bai kwana biyu ba. Laraba da sassafe ya kira ni.

"Reni, wakilina ya samo min wuri."

"Har an samu? Ina?"

Tun kafin ya amsa na gane.

"Harlan, kada ka ce min waɗancan."

"Su ne."

"Ka san da wa za su kara ranar Lahadin nan?"

"Na sani."

Ban san sanda na ajiye kofin shayina na figi mukullin mota ba. Da kayan aikina na je, shuɗin wando da riga da takalmin roba, gashi ko tajewa ban yi ba. Na tarar har ya zuge jaka.

Na ce, "Kai yaro ne? Ba jifanka suke so ba, suna da masu jifa biyu lafiyayyu. Abin da ke cikin kanka suke so. Mako ɗaya za su yi da kai, su matse ka kamar lemo, ranar Litinin su yar da ɓawon."

"Wataƙila."

"Ba wataƙila ba ne, haka ake yi, kai ka gaya min da bakinka haka ake yi."

"Haka ake yi."

Jama'a, kun taɓa faɗa da mutumin da ke yarda da duk abin da kuka ce? Babu abin da ya kai shi cin rai. Na ce to me ya sa za ka?

Ya zauna a kan kwali ya dube ni. "Saboda su ne suka kira. Shekarata talatin, Reni. In na ce a'a yau, gobe labari ya zaga cewa Mabry ya fara zaɓe. Irina ba ya zaɓe. In na zauna a gida mako uku, an manta da lambata."

"To Baba fa?"

"Zan dawo ranar Talata kamar yadda na yi alkawari."

"Da hular waɗancan a kanka?"

"Zan cire ta a mota."

Wai shi nan raha ya yi. Ban yi dariya ba. Na tsaya a bakin taga ina kallo ya sa jaka a bayan tsohuwar a-kori-kurarsa, ya ɗago min hannu, ban ɗaga masa ba. Kwalayen nan takwas ya bar min su da mukulli.

Ko kafin in isa gida da yamma labari ya riga ni. Yaya Mitch, wana, shi ya tare ni a ƙofar kicin da wayarsa a hannu.

"A'a, amaryar waɗancan, sannu da zuwa. A kawo miki ruwa ko kin fi son na garinku?"

"Yaya, ka rabu da ni."

"Ni me na yi? Taya ki murna nake, an ƙara wa angonki girma, ya koma sabon benci."

Baba yana ɗakin ƙasa. Na sauka na gaishe shi, ya amsa bai juyo ba. Na ce, "Baba, aiki ne fa, ba shi ya..." Ya ɗaga hannu ya katse ni.

"Ya ci abinci a teburina. Ya zauna a nan, a ɗakin nan. Duk abin da yaran can suka wahala suka shirya tun bazara yana cikin kansa, zai je ya zazzage wa waɗancan. Hau sama, Reni."

Na hau. Mama ta ja hannuna zuwa ɗakin wanki ta rufe ƙofa, ta zura hannu bayan injin busar da kaya ta zaro wata leda. Riga ce ta ƙungiyarmu, sabuwa dal, lamba goma sha shida, a baya an rubuta MABRY.

"Ba a sayar da ta ɗan benci a kanti," in ji Mama a hankali. "Sai da Baban Mitch ya sa aka buga masa ita musamman, mako shida yana jira. Yau da rana ta iso. Ranar Talata ya yi niyyar sa ta ya fito, ita ce amsarsa, kin san shi da baki ba zai iya faɗa ba. Ɗazu ya ce in jefa ta a shara."

Na riƙe rigar nan na fashe da kuka, ba na tausayi ba, na takaici. Kwana ɗaya fa. Da rigar ta riga korar isowa ko da kwana ɗaya ne, da aƙalla na ga Babana a cikinta.

Kamar abin bai ishe ni ba, ranar Alhamis sai ga saƙon Gwaggo Bernice, ƙanwar Baba. "Reni 'yata, Dennis na cocinmu ya sake tambayarki. Mai gyaran na'urar ɗumama ɗaki ba a korarsa ranar Talata, kuma gidansa nasa ne." Har da hoton Dennis a gaban motar aikinsa, ya ɗaga babban yatsa. Na rubuta mata amsa sau uku ina gogewa, daga ƙarshe na tura mata "Na gode Gwaggo."

Da yammar ranar na tura wa Harlan saƙo.

"Yaya sabon wuri?"

"Sun ajiye ni a ɗaki da kociyoyi huɗu. Awa uku."

"Ka faɗa musu?"

"Rigarsu ce a jikina yanzu, Reni."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Duka ka faɗa?"

"Duka."

"Har da ta cinyar?"

"Ita suka fara tambaya."

Na kifa wayar a kan gado. Ku riƙe wannan a ranku, don shi ne abin da ni na sani, sauran mutanen gidanmu ba su sani ba.

Lahadi bayan an taso daga coci kowa ya sauka ɗakin ƙasa ya kama wurinsa. Mama ta jera pierogi, 'yan ƙunshin fulawar nan masu dankali a ciki, da soyayyar albasa da tsiran alade, ba wanda ya taɓa. Ni ina can ƙarshen doguwar kujera cikin tsohuwar rigar sanyi, na cusa hannuwa a hammata. Ana fara wasa kyamara ta nemo Harlan a gefen waɗancan, da hularsu, yana raɗa wa kocinsu magana a kunne. Shekara ɗaya da rabi yana garinmu ba su taɓa nuna shi na daƙiƙa biyar ba, sai yau. Baba ya ajiye gwangwanin giyarsa a ƙasa a hankali.

Wasa ya yi wasa, har aka shiga zango na ƙarshe suna gabanmu da maki uku. Saura 'yan mintoci, Voss ya tsaya a bayan layi, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya bubbuga cinyarsa ta hagu sau biyu.

Baba ya dafe kai. "Shi ke nan. Sun sani."

Kuma sun sani ɗin. Ana sakin ƙwallo 'yan bayansu suka kwarara hannun dama su uku, suna jiran gajeren jifa. Voss ya yi kamar zai jefa can, ya janye hannu, ya ɗaga ta sama ta bi ta kansu, can nesa inda wani ɗan wasanmu ke gudu shi kaɗai ba kowa kusa da shi. Ya cafe ya shige, ya ci mana maki.

Ɗakin ƙasa ya kaure da ihu. Yaya Mitch ya yi tsalle har kansa ya bugi fitila. Sai kyamara ta koma gefen waɗancan, ga kocinsu ya cire abin kunnensa ya yi jifa da shi, ya tsaya a gaban Harlan yana zazzaga masa masifa, yawu na fita. Harlan yana tsaye da allo a ƙirji, yana gyaɗa kai.

Baba ya miƙe tsaye a hankali, ya matsa kusa da talabijin.

"Ku duba nan. Ku duba yaron nan. Ya yaudare su." Ya juyo wajen Mama, idonsa ya kawo ruwa. "Doreen, ya yaudare su! Ya je har gidansu ya ba su alamar ƙarya. Ɗanmu ne!"

Me zan ce? Tun rasuwar kakata ban ga Baba da irin wannan fuska ba. Ya zo ya kama kaina ya sumbaci goshina, ya ce, "Ni ne ban da hankali, Reni." Sannan ya tambayi Mama ko an riga an kwashe shara. Mama ta ce a'a, akwai abin da ta manta ba ta zubar ba.

Muka ci wasa. Ina hawa sama saƙon Harlan ya shigo.

"Mutanenku sun juya alamomin duka. Sun san zan faɗa. Tun ranar da suka ji inda na tafi suka ɗana tarkon, ni ne abincin da aka sa a ciki."

Litinin da rana wani saƙon ya biyo baya. "An karɓi allo. Yadda kika ce."

Ban taɓa jin haushin yin gaskiya irin na ranar ba.

Talata na dawo aiki da wuri, na yi wanka, na sa rigar nan ruwan zuma, da 'yan kunnen Mama na lu'ulu'u, na naɗe gashina a baya. Ƙarfe biyar saura na fita na tsaya a bakin titi cikin sanyi, don in riga kowa ganinsa. Ya faka a-kori-kurarsa, ya fito da farar riga da jakit ɗinsa ɗaya tilo, da furanni na Mama. Ya rame cikin mako ɗaya. Na tura shi ya koma cikin motar, na shiga ta ɗaya gefen na rufe.

"Saurare ni da kyau. Baba ya ɗauka da gangan ka ba su alamar ƙarya."

Ya dube ni. "Wa ya gaya masa haka?"

"Ba wanda ya gaya masa, shi ya gaya wa kansa, kuma ya gaya wa duk unguwa. Zoben yana kan tebur, Harlan. Na gan shi da idona, kusa da gishiri."

"Reni..."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Ka ji ni? Ko kalma ɗaya ban ce ka faɗa ba. In ya yi maganar, ka yi murmushin nan naka na gefen baki, irin wanda ka yi masa ranar da ya gano alamar. Shi ke nan abin da nake roƙo."

"Waccan ranar sirrin mutane nake rufewa."

"Yau ma sirri ne. Nawa."

Ya kafa wa sitiyari ido. Na ce, "Duk mako kana zama wani mutum saboda 'yan bayan ƙungiya. Yau ka zama wani na awa ɗaya saboda ni. Ƙungiyoyi biyu sun yi amfani da kai sun yar cikin kwana bakwai, ba wanda ya ce maka sannu. Ga mutum ɗaya a duniya da ya ɗauke ka jarumi, ka bar shi mana."

Ya kama hannuna ya matse. Bai ce to ba. Ni kuma da yake son zuciya ya rufe min ido, sai na ɗauki matsewar a matsayin to.

Muna shiga Baba ya fito daga kicin da rigar a jikinsa. Lamba goma sha shida ta ɗame masa tumbi, hannuwan sun sauko har gwiwar hannu. Ya juya mana baya don mu ga sunan, sannan ya rungume Harlan yana bubbuga bayansa. "Ɗana," ya ce. Ba "samari" ba, ba "ɗan benci" ba.

Aka zauna. Mama ta yi naɗin kabeji da nama, ta shimfiɗa farin mayafin tebur na Kirsimeti. Gwaggo Bernice ma ta zo, ta sha jan baki, Dennis ya fita daga bakinta kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Ƙaramin akwatin zoben yana nan kusa da gishiri. Aka yi addu'a. Na fara jin numfashina yana daidaita.

Sai Baba ya ƙwanƙwasa kofi da cokali.

"Kafin a ci, ina so kowa ya ji daga bakin mai ita. Ɗana, faɗa musu. Yaya ka yi ka zauna a gaban kociyoyi huɗu ka shirga musu ita, ko dariya ba ta kama ka ba?"

Kowa ya juya. Na laluba ƙarƙashin tebur na taka ƙafar Harlan da tsinin takalmina, na danna. Ya dube ni. Wallahi na ga gefen bakinsa ya fara motsi, murmushin ya taho, saura kaɗan. Sai ya ajiye cokali.

"Yallaɓai, ban yaudare su ba."

Baba ya yi dariya. "Ji shi, har yanzu yana rufa asiri. Nan gida ne."

"Duk abin da na sani na gaya musu, daidai yadda yake. Mutanenku ne suka canza alamomin bayan na tafi. Da ba su canza ba, da an cafke jifan nan, kuma da ni ne sanadi." Ya dubi Baba ido cikin ido. "Wanda ya ba ni riga shi nake yi wa aiki. Haka na yi wa ƙungiyarku shekara ɗaya da rabi, ban rage komai ba. Ina son Reni, Yallaɓai. Amma in za ka ba ni ita, ka ba wanda ke zaune a nan."

Gwaggo Bernice ta yi alamar gicciye. Ni kuwa a lokacin, in gaya muku gaskiya, da akwai abin jifa a kusa da na jefe shi. Awa ɗaya na roƙa. Awa ɗaya tak.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tura kujera baya ya miƙe, ya kama wuyan rigar ta baya ya fara ja. Ta maƙale masa a kafaɗa, ya yi ta kokawa da ita, Mama ta miƙa hannu za ta taimaka ya kauce. Da ta fita ya tsaya daga shi sai singileti, gashin kansa a hargitse. Ya ninke ta sau biyu ya ajiye a tsakiyar tebur.

"Wannan ta ɗan gida ce," ya ce, ya zauna.

Ban shirya abin da na yi ba. Hannuna ne kawai ya tafi. Na ɗauko rigar na warware, na zura ta a kan rigata ruwan zuma, naɗin gashina ya kwance, ɗan kunne ɗaya ya faɗa cikin miya.

"Reni, cire."

"Ai ni 'yar gida ce, Baba."

"Na ce ki cire."

"Ba zan cire ba."

Tunda nake ban taɓa gaya masa haka ba. Ban ko kalli Harlan ba, don har lokacin haushinsa nake ji kamar in mutu.

Ana cikin haka wayar Harlan ta fara kaɗawa a gefen farantinsa. Yaya Mitch ya leƙa, a karon farko ba tsokana a muryarsa. "Wannan lambar ta can gaɓar yamma ce."

Wata ƙungiyar ce kuma, tafiyar awa biyar a jirgi ke nan. Harlan bai taɓa wayar ba, ni yake kallo. Ta yi ta kaɗawa tana matsawa a kan farin mayafin Mama. Hannun Baba yana kan akwatin zoben, bai tura shi gaba ba, bai janye shi ba.

Na ce, "Ɗauka."

Ya ɗauka ya miƙe. "Harlan Mabry ne ke magana. E, Yallaɓai, ina da lafiya. Gobe da safe? Zan iya."

Ina kallo Baba ya ja akwatin a hankali, ya sa shi a aljihun wando, ya jawo farantin kabeji ya fara ci, daga shi sai singileti. Ni kuma ina zaune da sunan Mabry a bayana, rigar har yanzu da ɗumin jikin Babana a cikinta.